Na ci jarrabawar lantarki, amma na'urar famfon da na haɗa ta ƙi zama lafiya

Ɗan_Angwan_Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya kwana biyu yana cin raina, na ga gara in kawo shi nan. Shekara biyar na yi ina karatun injiniyan lantarki, na fita da sakamako mai kyau, alhamdulillah. Watan jiya kawuna ya ce in haɗa masa na'urar da za ta riƙa kunna famfon rijiyar burtsatse idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ta kashe idan ya cika. Na zana a Proteus, manhajar gwada sakit a kwamfuta, ya tafi sumul. Na haɗa a kan teburi na sa kwan fitila a madadin famfo, ya yi aiki. Ranar da na kai shi gidan na jona da famfon gaske, da zarar rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, ya ɗauka ko ya saki sai Arduino, ɗan bod ɗin da ke ba na'urar umarni, ya koma farko kamar an zare masa wuta, wani lokacin ma ya sandare gaba ɗaya. Ga 7805, wanda ke rage wuta zuwa 5V, yana zafi, yatsa ba ya iya zama a kansa. Kwana huɗu ina fama, yaran gidan na jido ruwa a jarka daga maƙwabta suna wucewa ta gabana.

Abin da ya fi damuna ba na'urar ba ce. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce mini haka na iya faruwa. A allo, waya layi ce kawai da ba ta da wani hali, kafasita kafasita ce, wuta 230V ce daram. Shin karatun ne bai da amfani a waje, ko ni ne ban fahimta ba?

Baba_Mai_Rediyo:
Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin a shiga shari'ar makaranta, faɗa mana abu uku. Taransifomarka nawa ce, famfon mai ƙarfin doki nawa ne, kuma ka sa diyod a bayan koyil ɗin rile?

Ɗan_Angwan_Rogo:
Baba, taransifoma 12V ce, famfo doki ɗaya. Diyod na sa, 1N4007, wannan kam an koya mana. Rile ɗin ƙaramin shuɗin nan ne na 5V da aka rubuta 10A a jikinsa, daga 7805 ɗin yake shan wuta shi da Arduino da ɗan allon rubutu.

Injiniya_Bukuru:
Ƙanena, bari mu fara da zafin, shi ya fi sauƙi. 12V da ke jikin taransifoma ba shi ne ƙololuwar wutar ba. Ka ninka da 1.41 ka samu kusan 17V, diyod biyu na kan hanya su ci kamar 1.4V, abin da ke isa ƙafar 7805 ya kai 15V zuwa 16V. Shi kuma 5V kawai zai fitar. Sauran 11V ɗin ina suka tafi? Zafi suka zama. Idan kayanka duka suna jan 200mA, wat 2 da ɗoriya ke nan a jikin ɗan abin da bai kai farcen babban yatsa biyu ba. Irin wannan jikin idan babu ƙarfen shan zafi, kowane wat ɗaya yana ɗaga shi da wajen digiri 60. Ka ga ya doshi inda zai kashe kansa da kansa don ya tsira, sai ya huce ya dawo.

Ka lura, ban yi amfani da komai ba sai wuta sau ƙarfinta, lissafin ajin farko. Yana cikin littafinka. Abin da ba a yi maka ba shi ne a tsare ka a ce: to, zafin nan ina zai bi ya fita? Ni ma ba a tsare ni ba. A wurin aiki na koya, bayan na ƙona kayan mutane.

Yaron_Dilimi:
Ai mu mun daɗe muna faɗa. Ku zo Dilimi a nan Jos ku ga yaron da bai gama sakandare ba yana tayar da inbatar da mai digiri ya kasa. Takarda ce kawai ake tarawa.

Malamar_Fiziks:
Yaron_Dilimi, a yi mana adalci. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, kuma ba zan yarda a ce abin da muke koyarwa ƙarya ne ba. Dokar Ohm tun 1827 take, ta Kirchhoff tun 1845, har yau ba na'urar da ta saɓa musu, har da wadda ta ƙone a hannunka. Muna cewa waya ba ta da turjiya ne don ɗalibi ya fara ganin ƙashin bayan abin. Wanda ka zuba wa komai a rana ɗaya ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Inda nake ganin mun gaza shi ne ba ma komawa mu warware abin da muka sauƙaƙa. Misali, muna koyar da cewa op-amp, ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sigina, yana da ƙarfin ƙari marar iyaka kuma yana amsawa nan take. Sai ɗalibi ya sayo op-amp mai lamba 741, wanda aka fito da shi tun 1968, ya tarar fitarsa ba ta iya hawa fiye da rabin bolt a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, kuma ba ta kaiwa ƙarshen wutar da aka ba shi, tana tsayawa da saura kusan bolt biyu. Duk wannan yana rubuce a takardar bayanan da kamfani ke fitarwa. Amma manhaja ba ta ware ko mako ɗaya na koyon karanta wannan takarda ba. Ni da kaina nake satar lokaci in kawo ta aji. Kuma a inda nake, osiloskop, na'urar ganin siffar wuta a allo, ɗaya ne mai rai, ɗalibai sun haura sittin. Wasu har su gama ba su taɓa murɗa maɓallinsa ba.

Baba_Mai_Rediyo:
Yaron_Dilimi, ka ji maganar Malama da kyau. Ni na fi shekara talatin da biyar a bakin teburin gyara, tun zamanin rediyo mai batir huɗu da talabijin baƙi da fari. Zan gaya maka abin da ya same ni. Lokacin da inbata ta fara yawa a gari, an kawo mini wata, na canza mata mosfet, taransiston da ke kunnawa da kashe babbar wuta, ya fi sau biyar. In sa sababbi, ta yi kwana biyu, su fashe. Na ce jabu ne, na canza shago, haka. Wani yaro ɗan makaranta da ke zuwa wurina hutu ya ce Baba mu auna ƙofar mosfet ɗin, wato ƙafar da ake kunna shi da ita. Muka auna, 5V ke zuwa mata. Ya ce wannan nau'in sai an ba ƙofarsa 10V yake buɗewa sosai, in ba haka ba rabin buɗewa yake, ya yi ta ɗaukar zafi har ya mutu. Taransisto guda ce da ke tura ƙofar ta raunana, ta naira kaɗan. Da hannuna kaɗai, da har yau ina canza mosfet. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron_Dilimi:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Amma shi ma yaron ai a wurinka ya koyi riƙe mita.

Baba_Mai_Rediyo:
Ƙwarai kuwa. Ranar farko ya sa mita a wurin auna amfiya ya dangwala a soket, fiyus ɗinta ya tashi. Ban hana shi mita ba, na ba shi wata.

Mai_Inbata_Bauchi_Road:
Tunda an taɓo mosfet. IRF3205 da muke sawa a ƙananan inbata, a shafin farko na takardarsa an rubuta 55V, 110A. Yaro ya gani ya ce to guda biyu sun ishi inbatar wat dubu. Bai karanta ƙaramin rubutun ƙasa ba, inda aka ce lissafi ne idan jikinsa na kan digiri 25, kuma gidan da aka sa shi iyakarsa 75A. Wa ya taɓa ganin mosfet yana aiki a cikin akwati a kan digiri 25? Ga shi idan ya yi zafi turjiyarsa ƙaruwa take, sai zafin ya ƙara yawa. Shi ya sa muke jera huɗu ko shida a kowane ɓangare.

Sai kuma matsalar jabu, wadda ba littafin da ya san da ita. Na taɓa sayen guda ashirin, rubutu tsaf. Da suka yi ta mutuwa na fasa ɗaya da filaya, na fasa wani tsoho da na cire daga matacciyar UPS. Ɗan ƙwayar da ke cikin sabon bai kai rabin na tsohon ba. Tun daga nan na fi yarda da kayan da na ciro daga tsofaffin injuna.

Na_Vom:
Jama'a an bar yaro da famfonsa fa. Ɗan_Angwan_Rogo, wayoyin da suka tafi tanki, tsawonsu nawa, kuma ta ina suka bi?

Ɗan_Angwan_Rogo:
Yaya, sun kai mita goma sha biyar. A bututu ɗaya na zura su da wayar famfon don aikin ya yi tsabta. Kai tsaye suka shiga ƙafafun Arduino.

Na_Vom:
To ga ɓarawonka nan. Ba waya ka ja ba, eriya ka kafa, ka kuma kwantar da ita a jikin wayar da ta fi kowace hayaniya. Motar famfo mai doki ɗaya tana cin wajen wat 750, amma a lokacin tashi tana fizgar ninki biyar ko shida na abin da take ci in ta daidaita. Idan kuma rile ya yanke ta, koyil ɗinta ba ya yarda wuta ta tsaya farat ɗaya, sai ya yi tartsatsi a bakin rile. Ka kashe fitilar ɗaki ka duba, za ka ga hasken ta cikin robar. Wannan tartsatsin ne ke bin wayarka ya shiga kan Arduino. Kwan fitilar da ka gwada da shi ba shi da koyil, shi ya sa ka ga lafiya a teburi.

Diyod ɗin da ka sa ya kare ɓangaren koyil ɗin rile ne kawai, bai san abin da ke faruwa a ɓangaren 230V ba. Kuma 10A da aka rubuta na lodi irin hita ne, ba na mota ba. Ko ka magance komawa farkon, watarana bakin rile ɗin zai narke ya manne, famfo ya ƙi mutuwa, tanki ya yi ta ambaliya.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ƙaramin rile ya kunna kontakta, wato babban makunni mai jure wutar mota, kontakta ta ɗauki famfo. A sa rizista 100 ohm da kafasita 100nF a jere a kan koyil ɗin kontaktar, amma kafasitar ta zama mai alamar X2, ta wutar gida. A raba bututu. Wayoyin tanki su bi ta PC817, mai raba ɓangarorin biyu yana isar da saƙo da haske, kafin su ga Arduino. Sannan 100nF a daidai ƙafar wutar kowane IC, kusa sosai, ba can nesa ba, domin kowane milimita na waya yana da nasa ɗan halin koyil.

Ummu_Sadiq:
Na_Vom ya gama magana a kan wannan. Ni injinan asibiti nake gyarawa, kuma abin da zan ƙara shi ne yanayin garinmu ma yana cikin sakit ɗin, ko da ba a zana shi ba. Lokacin hunturu, iska ta bushe, ka sa rigar sanyi ka tashi daga kujerar roba, jikinka na iya tara dubban bolt. Shi ne ɗan tsartuwar da kake ji in ka taɓa ƙofar mota. Ƙofar mosfet kuwa yawanci 20V ce iyakarta. Na taɓa kashe bod mai tsada a watan Janairu da yatsana kawai, ban ma kunna injin ba. Na yi kuka ranar, domin marasa lafiya na jiran injin. Yanzu ba na buɗe komai sai da igiyar hannu da ke haɗe da ƙasa.

Kuma don Allah ƙannena, babbar kafasitar 400V da ke cikin caja da talabijin tana riƙe wajen 325V ko bayan an zare soket. A sauke ta da rizista kafin a sa hannu.

Sola_Gangare:
Hajiya ta tuna mini. Mu 'yan sola sanyin Jos ya koya mana karatu. Lambar da ke bayan farantin sola an auna ta ne a digiri 25. Idan sanyi ya ƙaru, bolt ɗin faranti hawa yake, kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri. Wani abokin aikina ya jera faranti uku masu 49.5V, jimla 148.5V, a kan kontirola mai iyakar 150V. A takarda ya shiga. Wata safiyar Disamba garin ya sauka wajen digiri 10, rana ta fito tas, wuta ta haura 155V, kontirola ta tafi. Shi ya biya daga aljihunsa.

Ɗalibi_ND2:
Ina bin zancen nan tun safe. Gaskiya tsoro ya kama ni, don ni ma abin da ya sami yayanmu shi ke jirana. A ajinmu da yawa sayen firojet suke yi a kasuwa, a haddace bayani a je a kare. Wanda ya ce zai haɗa da kansa, in ya ƙi aiki ranar karewa, shi ke faɗuwa. To wa zai yarda ya gwada?

Malamar_Fiziks:
Ɗana, wannan maganar ta fi duk wadda aka yi zafi a wurina. Mun mai da kuskure abin hukunci, alhali a wannan fannin ta nan ake koyo. Ni ɗalibin da ya kawo mini sakit da ya ƙi aiki, da littafin da ya rubuta abin da ya auna a kowane wuri da abin da yake zargi, ya fi mini wanda ya kawo akwati mai sheƙi da bai san cikinsa ba. Akwai gwajin da nake ba su, kai ma ka yi a gida. Ka sayi taransisto BC547 guda goma ka auna ƙarfin ƙarin kowace da mitarka. Takardarta ta ce daga 110 har 800 duk daidai ne. A jarrabawa kuwa mukan ce "a ɗauka 100 ne". Ranar da ka ga lambobi goma daban-daban da idonka, za ka gane dalilin sa rizista a ƙafar emita, ba sai an ce ka haddace ba.

Injiniya_Bukuru:
Ai don cike wannan giɓin aka kafa SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Hukumar horas da ma'aikata ta ITF da aka kafa a 1971, wadda hedikwatarta ke nan Jos, ita ta fara shirin a 1973 don ɗalibai su taɓa aiki da hannu kafin su gama. Niyyar mai kyau ce. Amma yaro zai nemi ofis mai sanyi inda zai yi wata shida yana kai fayil, ya guji shagon Baba don kada a gan shi da datti. Ɗalibi_ND2, in lokacinku ya zo ka nemi inda ake warin dalma.

Yaron_Dilimi:
A nan kam mun haɗu da Injiniya. Amma ku ma manya ku riƙa karɓar yaran namu da ba su da takarda a kamfanoninku.

Baba_Mai_Rediyo:
Da aka ambaci dalma. Abin da ke ba ni takaici, garin kuza muke, kakanninmu da yawa haƙar kuza ce ta kawo su Jos da Bukuru, kuma ita ce fiye da rabin abin da ke cikin zaren dalmar da muke liƙi da shi, kashi 60 kuza, 40 dalma. Amma yaro zai gama karatu bai iya liƙi ɗaya mai kyau ba. Ya narka a bakin ƙarfe ya ɗiga a kai kamar kakin kyandir. Ba haka ba ne. Ƙafar kayan da tagullar bod za ka ɗumama tare, ka kawo zaren ya narke a jikinsu, ya kwanta ya yi sheƙi kamar ɗan tudu. Wanda ya yi dunƙule ya dushe, yau zai yi aiki, gobe in sanyi ya taɓa shi ya saki. Rabin talabijin da ake kawo mini "tana yi tana ɗaukewa", busasshen liƙi ne ko kafasitar da ta kumbura saboda an dasa ta kusa da abu mai zafi.

Mai_Inbata_Bauchi_Road:
Haka ne Baba. Ita kafasitar ruwa, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwananta biyu. Shi ya sa nake neman mai jure digiri 105 ba mai 85 ba. Wani abu kuma, wutar 230V da yaronmu ya ambata. A layinmu na sha auna 165V da magariba, can tsakar dare ta haura 245V. Duk abin da zan haɗa sai na tambayi kaina ko zai rayu a duka biyun.

Ɗan_Angwan_Rogo:
Salam. Na dawo bayan kwana tara, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire 7805 na sa LM2596, mai rage wuta ba tare da yawan zafi ba, yanzu ɗumi kawai yake. Na sa kontakta, na raba bututu, na bi duk abin da Yaya Na_Vom ya lissafa. Komawa farkon ya tsaya cak, famfo na tashi yana mutuwa da kansa. Malama, na sauke takardar ATmega328P, ƙwaƙwalwar Arduino, ina karantawa, a nan na ga ashe 40mA ce iyakar da ƙafa ɗaya za ta iya jurewa, abin da ban taɓa dubawa ba.

Sai dai jiya tanki ya yi ambaliya. Na hau na duba, bakin wayoyin tagullar da na tsoma a ruwa sun yi kore, ɗaya ta cinye ta tsinke. Wannan kuma daga ina?

Ummu_Sadiq:
Wutar DC ka bari tana bi ta cikin ruwa dare da rana, ita ke cinye wayar da ke ɓangaren fositif. Ka karanta shi a kimistiri tun sakandare, sai dai ba a ce maka zai biyo ka tanki ba. Kuma ruwan sha ne, kada ka bar tagulla na narkewa a ciki. Ka sayi makunni mai yawo a kan ruwa ka huta.

Na_Vom:
Mai yawon ma yana maƙalewa in ruwan na da laka, na sha gani a nan wajenmu. Ni zan sa sandunan ƙarfe marasa tsatsa, in sa Arduino ya ba su wuta na ɗan ƙiftawa kawai duk bayan daƙiƙa goma, ya karanta ya kashe.

Ummu_Sadiq:
Zai rage, amma ba zai hana ba. Kuma damina na tafe. Waya mai mita goma sha biyar a saman tankin ƙarfe, a Jos, da irin tsawarmu?

Malamar_Fiziks:
Ɗan_Angwan_Rogo, kada ka yar da wayar da ta cinye. In ba damuwa ka ajiye mini ita da tsohon rile ɗin, ina so in kai su aji ranar Litinin.

Baba_Mai_Rediyo:
Ɗana, ka kashe na'urar tukuna, a riƙa kunna famfon da hannu. Ranar Asabar bayan azahar ka kawo ta shago, ka taho da awon tsayin tankin da faɗin bakinsa. Akwai makunni mai yawo guda biyu a wurina, za mu gwada su a bokiti. Ɗalibi_ND2, kai ma in kana da sarari ka zo da mitarka.